Maganar Da Aka Yanke Wa Maigidana A Bidiyon Turbo

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar maigidana, amma har yau ba a sallame shi daga aiki ba. An yi masa wanka, an yi masa sallah, an kai shi makwancinsa a nan Dubai cikin rairayin da ba na garinsu ba. Duk da haka muryarsa tana nan tana yawo a wayoyin mutane, daga Deira zuwa Kano, zuwa Abuja, zuwa Maraɗi, tana tallar kayan da ya yi ta hana mutane saye yana da rai. Shi ya sa waiwayen nan nawa ba zai zo da taushi ba. Wanda ya saba karanta ta'aziyya mai sanyi ya yi haƙuri da ni.

Ni mai abinci ce. Ina tuƙa tuwo a wani ɗan filat a Al Buteen, kusa da bakin ruwa, 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya su hau bene su ci, ko in aika musu har otal. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haura arba'in na riƙe biro, kuma zan faɗi dalilin a gaba. In kun ga rubutuna ba ya lanƙwasa irin na 'yan jarida, haka bakina yake.

Maigidana bakanike ne. A gefen titi ya koyi aiki a Kano, ƙarƙashin motocin haya, har hannunsa ya yi suna. Wani ɗan garinsu, Alhaji Sabo, mai aika motoci da kayan gyara gida ta kago, shi ya ɗauko shi, ya yi masa biza, ya sa shi a gareji. Daga baya aka kawo ni. Ban taɓa kiran sunan mijina ba, ko a gabansa ko a bayansa, don mu haka aka raine mu. In ina son tsokana sai in ce Injiniya. Shi kuma ya ce, “Na'am, shugabar hukumar tuwo.”

Aikinsa a nan ba gyaran motar haya ba ne. Motocin gudu yake yi, irin gajerun nan masu ƙofa biyu da cikinsu ke kusa da shafar kwalta. Mai irin wannan mota ba ya ƙoshi da ƙarfin da kamfani ya ba ta, sai ya nemi ƙari. Hanya biyu ce aka fi bi. Ko a ɗaura mata sufacaja, ko a ɗaura mata turbo. Kowacce tana zuwa a kwali da bututunanta da ƙusoshinta, bakanike ya haɗa. Na ji sunayen nan biyu a gidana fiye da yadda na ji sunan gishiri.

A kicin ya koya mini bambancinsu, yana tsaye a ƙofa yana jiran in sauke miya. Ya ce inji kamar murhu yake, in kana son wuta ta ƙaru sai ka ƙara mata iska. Sufacaja mafici ce da aka ɗaure wa injin da bel. Injin na juyawa, tana fifita, babu jira. Abin da ƙafarka ta roƙa shi za ta ba ka, a lokacin da ka roƙa. Turbo kuwa hayaƙin salansa ne ke juya ta, don haka sai hayaƙin ya taru tukuna. In ƙarama ce, jiran kaɗan ne. In babba ce, ka taka totur ka ji shiru, ka ƙara takawa ka ji shiru, sai ƙarfin ya zo maka gaba ɗaya.

Na ce, “To ai madara ce a kan wuta. Kana kallonta tana kwance, ka juya baya ta zubo.”

Ya tafa hannu ya ce, “Wallahi ki zo gareji gobe, akwai waɗanda suka shekara biyar ba su gane wannan ba.”

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. Bai tsani turbo ba. Yakan ce ita ta fi ba da ƙarfi mai yawa a farashi mai sauƙi, kuma ba ta cin ƙarfin injin kamar sufacaja, wadda sai ta ɗebi nata kafin ta ba ka naka. Yakan ce sufacaja tana shan mai, tana da tsada, kuma akwai motar da ba ta da wurin zamanta. Abin da ya tsana shi ne a ɗauko ƙatuwar turbo mai araha a liƙa wa injin da ba a gina shi don ita ba, a bar masa tsohon birki da tsofaffin tayoyi, ba a ƙara masa abin sanyaya iska ba, a garin da zafinsa ke dafa ƙwai a kan bonet. Sannan a miƙa makullin ga yaron da bai taɓa jin mota ta kufce masa ba. Wannan ne yake kira kisan kai da sifana.

Masu saye iri biyu ne, in ji shi. Akwai waɗanda ke zuwa gareji da ƙafarsu, Larabawa da Turawa da Indiyawa masu kai mota filin tsere ranar hutu. Su za su zauna a kan taya su sha shayi, su yi ta tambayar zafi da birki da yadda motar take fita daga kwana. Cikinsu wani ya zaɓi turbo, wani sufacaja, kowa ya san abin da ya saya. Sai kuma namu na gida, masu saye ta waya. Yawanci uba ne ke saya wa ɗansa, ko ɗan ya sa uban a gaba. Tambayarsu biyu ce kawai. Ƙarfin doki nawa take da shi? Tana yin wannan kukan? Kukan da suke nufi shi ne fito da turbo ke yi in ta ɗauka, da wata 'yar atishawa da take saki in an ɗaga ƙafa. Sufacaja ma tana da nata kukan, siriri kamar na keken ɗinki, amma shi ba ya juyo da kan 'yan mata a bakin titi. Don haka duk wanda ya kira daga gida, turbo yake so.

Kuma namu ba sa zama a cikin motar kafin ta shiga kwantena. Yadda ake cinikin shi ne bidiyo. A fita da motar, a taka ta, a ɗauki kukanta, a tura. Mai saye ya nuna wa abokansa, su ce kai, wannan ta yi, shi ke nan ciniki ya faɗa. In wanda ke tuƙin yana magana da Hausa, an fi yarda. An ga Bahaushe ɗan'uwa, ba zai cuce ka ba. Muryar maigidana kuwa mai nauyi ce, ta dattawa, ko ƙarya ya yi da ita sai ka yarda, balle ba ya yi. Alhaji Sabo ya san darajar wannan murya tun kafin ni in sani.

Motar da ta kashe shi ja ce. An saye ta ne don ɗan wani babban mutum a Abuja, yaro ya gama jami'a ana so a faranta masa. Alhaji Sabo ya sayo turbo babba, ta masu araha. Maigidana ya ce a sa sufacaja, ko kuwa ƙaramar turbo a canja birki da tayoyi. Alhaji ya ce yaron ya riga ya faɗi abin da yake so, kuma kwantena za ta rufe, ba za ta jira birki ba. Suka yi ta ja. Ya dawo gida kwana da kwanaki ba ya cinye tuwonsa.

Da safiyar ranar da za a yi wa motar bidiyo, yana shan koko na ce masa, “Injiniya, ka ƙi mana. Ka ce ba ka yi.”

Ya ce, “In ƙi wa? Wanda ya kawo ni? Wanda bizata da taki suke hannunsa?”

Na ce, “To sai ka sa muryarka a kan abin da ka san ba daidai ba ne?”

Ya ajiye kofin ya ce, “Zan yi masa bidiyonsa. Amma zan faɗi gaskiya a ciki. In uban yaron ya ji da kunnensa, ya rage nasa.”

Ya ɗaga autarmu Ummi sama, lokacin ba ta wuce shekara uku ba, ya sauke ta, ya ɗauki hularsa. Ban raka shi ƙofa ba, albasa nake yankawa.

Abin da ya faru a hanya, daga bakin Isufu na ji shi. Isufu mutumin Maraɗi ne, abokin aikinsa, shi ya zauna a gefensa riƙe da waya. Da hantsi suka fita bayan gari, inda titi ke miƙewa cikin rairayi, ana tsakiyar zafin bazarar nan da ko tsuntsu ba ya tashi. Suka yi bidiyo na farko lafiya. Maigidana ya taka motar, ta yi kukanta, ya yi raha, sannan ya rage gudu ya yi gargaɗinsa tiryan-tiryan. Isufu ya tura wa Alhaji. Suna shirin juyowa Alhaji ya kira. Bai ce komai ba game da gargaɗin. Cewa ya yi atishawar ba ta fito sosai ba, a sake, a taka ta da kyau. A na biyun ne, suna cikin wata doguwar kwana da iska ta watsa wa rairayi, turbo ta kawo ƙarfinta gaba ɗaya. Tsofaffin tayoyin baya suka saki kwalta. Mutumin da ya shekara yana faɗa wa mutane yadda abin ke zuwa, shi abin ya zo wa. Isufu ya tashi da ƙafa ɗaya gajera, wayarsa ta ragargaje. Maigidana bai kai asibiti ba.

Na yi takabata a ɗakin nan da nake tuƙa tuwo. Alhaji Sabo ya tsaya a kan komai, ba zan hana shi wannan ba. Shi ya yi zirga-zirgar jana'iza, shi ya bar mini bizata, shi ya ce wa abokansa su riƙa cin abinci a wurina. Kowace shekara, in lokacin ya zagayo, yakan aiko da buhun shinkafa da katan ɗin dabino a yi sadaka. Mutane suka yi ta cewa, Hajiya Rabi kin yi sa'ar ubangida. Ni ma na ɗauka haka ne.

Bayan kamar shekara guda, ina kicin ina tuƙi, wasu baƙi daga Kano suna falo suna jiran abinci, sai na ji muryar mijina. Ba mafarki ba, ba a zuciya ba. A falona. Yana dariya yana ce wa uban yaron nan, “Alhaji, ka ji ta? Ka ji kukanta? Wannan ba mota ba ce, aljana ce!” Muciya ta faɗi daga hannuna. Na fito da gudu ba ko mayafi. Wani saurayi ne riƙe da waya, bai san ko ni wace ce ba. Na karɓa na duba. Ga hannayensa a kan sitiyari, ga gefen gemunsa, ga gumi a wuyan rigar da ni na goge masa. Yana gama cewa aljana ce, bidiyon ya tsaya, ya koma farko. An yanke duk abin da ya biyo baya.

A ƙasan bidiyon akwai rubutu. Na ce wa saurayin ya karanta mini. Wani dattijo a cikinsu da ya gane ni ya yi saurin cewa, “Ba komai, Hajiya, addu'a ce aka rubuta masa.” Na tambayi mutum uku a makon nan, kowa ya ce addu'a ce, idonsa a ƙasa. A ranar da na ukun ya faɗi haka na rantse ba zan ƙara miƙa wa kowa rubutu ya karanta mini ba.

Akwai wata Anti Memuna, 'yar Zangon Kumasi, tana aikin shara a wani asibiti a Karama, tana koya wa mata karatu a ɗakinta ranar hutunta. Na je na ce mata ni ba ABC nake so ba, layi biyu kawai nake so in karanta. Ta yi dariya ta ce, “Ei, sista, layi biyun ma ta ABC ake shigarsu. Yalla, zauna.” Na zauna a tabarma da mata masu shekarun 'ya'yana. Yatsun da suka saba da muciya suka yi ta karya fensir. Na yi watanni kafin ranar da na buɗe wayata a cikin jirgin ƙasa, tsakanin Karama da gida, na bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ga addu'ar da aka yi wa mijina: “Babban bakaniken Dubai ya shaida, turbo ita ce sarauniya. Yi odar taka yau.” Ko sunansa babu. Ko Allah ya jiƙansa babu, don in an rubuta haka mai saye zai tambaya me ya kashe shi.

Na wuce tashata ban sani ba.

Za ku ce me ya hana ni magana tun lokacin. Abin da ya hana shi ƙin fita da motar, shi ya hana ni. Biza, da masu cin tuwo, da yara a makaranta a gida. Duk wadda na gaya wa sai ta ce, ki yi haƙuri, ƙaddara ce, ki bar wa Allah. Ni Musulma ce, na yarda ajalinsa ne ya zo, ko a kan katifa yake a ranar sai ya tafi. Allah ne ya karɓi ransa. Amma ba Allah ne ya yanke bidiyo ba. Wannan ɗan Adam ne ya zauna da yatsansa, ya saurari gargaɗin mamaci har ƙarshe, ya ja layi ya datse shi a daidai inda dariya ta ƙare.

Wani lokaci ina zaune ina tsince shinkafa sai in ce, da Injiniya zai leƙo yau, me zai ce? Isufu, wanda yanzu ba ya tuƙi sai sayar da kayan gyara, yana ba ni labarin kasuwa in ya zo cin abinci. Ya ce motocin yanzu da yawa daga kamfani suke fitowa da turbo, ƙanana, wani lokaci biyu, an yi musu dabara har jiran nan ya kusa ɓacewa. Na san mijina, da ya yaba. Da ya buɗe bonet ya yi ta kaɗa kai yana cewa, to haka ake yi, an gina injin da ita tun farko. Motocin lantarki kuwa da ke wucewa a Al Rigga shiru kamar kyanwa, na taɓa shiga tasi irinsu, direban ya taka sai na ji bayana ya manne da kujera nan take. Na ce a raina, Injiniya, ga abin da kake so, ƙafa ta roƙa an ba ta, ba bel ba hayaƙi. Da ya yi dariya ya ce sun kashe masa sana'a.

Amma masu sayenmu na gida ba su canja ba, sai abin da ya ƙaru. Isufu ya ce sufacaja sai ta yi ƙura a kan kantar shago kafin a tambaye ta, kuma mai tambayar yawanci mutum ne mai furfura wanda mota ta taɓa tsorata shi sau ɗaya. Samari kuwa turbo, mafi girma, mafi araha, mafi ƙara. Har wani ɗan abu ake sayarwa yanzu da ake maƙala wa salansa ya riƙa yin fiton turbo alhali babu turbo a motar. Wannan da ya gani, ban san ko dariya zai yi ko kuka ba. Ya sha faɗa mini cewa namu ba mota suke saye ba, juyowar kan mutane suke saye. Kuma bidiyon da ke tura su har gobe, nasa ne. Ya tsufa, hotonsa ya dusashe saboda yawan turawa, an ɗora masa kiɗa, amma muryar tana nan.

Abin da ya ƙure haƙurina bana, Ummi ce. Tana Kano wurin yayata tana makaranta. Ba ta tuna fuskar ubanta sai a hoto, muryarsa kuwa ba ta san ta a ko'ina ba sai a wannan talla. Ta haddace shi kamar karatun allo. Ran nan muna waya ina ganinta tana ganina, sai ta ƙanƙance ido ta yi murya irin tasa ta ce, “Alhaji, ka ji ta? Ka ji kukanta?” Ta fashe da dariya. Ta ce 'yan ajinsu suna kiran babanta sarkin turbo, kuma in ta girma irin motar Baba za ta saya, ja, mai atishawa. Na ce mata network ya lalace. Na kashe wayar na zauna a ƙasan kicin.

Sun ɗauke mini miji, na yi shiru. Yanzu kuma suna koya wa 'yarsa shi a juye.

Da buhun shinkafar bana ya iso, ban kwance shi ba. Na sa shi a tasi da katan ɗin dabinon na kai ofishin Alhaji Sabo a Al Rigga. Yana zaune da baƙi, ana shan gahawa. Na gaishe shi yadda ya kamata, har ƙasa, don ya girme ni kuma ya yi mini rana.

Ya ce, “A'a, Hajiya Rabi, lafiya? Ko shinkafar ba ta yi ba a canja?”

Na ce, “Shinkafa ta yi, Alhaji. Bidiyon ne bai cika ba. Cikonsa na zo karɓa.”

Ya dubi baƙinsa ya yi murmushi. “Wane bidiyo kuma? Wannan ai tunawa da marigayi ne. Ko'ina ana jin muryarsa ana sa masa albarka.”

Na ce, “Na iya karatu yanzu, Alhaji. Na karanta albarkar.”

Na ce masa abu ɗaya nake roƙo cikin biyu. Ko ya sauke bidiyon, ko ya sa shi cikakke yadda Isufu ya turo masa, mutane su ji duk abin da mamacin ya faɗa, su zaɓa da idonsu a buɗe. Ban ce ya daina sayar da turbo ba. Ban ce shi ya kashe shi ba, ko da yake na san wanda ya ce a sake.

Ya ce, “Shuwayya shuwayya, bi a hankali, Hajiya. Ke ba ki san kasuwa ba. Abin da mutane ke so shi ake ba su. In na sa wancan dogon bayanin wa zai tsaya ya ji? Kuma ma wayar da yake ciki ta daɗe da ɓata. Halas, magana ta ƙare, ki ɗauki shinkafarki ki je ki yi wa mijinki sadaka.”

Na ce, “Mijina ya yi maka aiki yana da rai, ya yi maka shekara takwas yana kabari. Ka riƙe shinkafar, ladan aikinsa ce, ni ba na cin ta.”

Na fito.

Tun daga ranar, rabin masu hawa benena sun daina. Waɗanda suke kira na Hajiyarmu yanzu in mun haɗu a bakin ruwa sai waya ta kama su. An aiko mini da dattawa biyu su ba ni baki, wai na tozarta mutumin da ya rufa mini asiri. Bizata za ta ƙare, kuma na san ba za a sabunta ta ta hannun da aka saba ba. Wataƙila baɗi war haka a Kano nake tuƙa tuwona. Na auna duk wannan kafin in hau tasi. Bidiyon kuma yana nan, ko jiya an turo wa wata maƙwabciyata shi.

To tunda ba za a sa cikon ba, ni zan sa. Na zaunar da Isufu a falona, na ajiye masa tuwo da miyar kuka, na ce kada ya taɓa sai ya faɗa mini abin da maigidana ya ce bayan dariyar, kalma bayan kalma. Ya rufe ido. Ya ce, “Hajiya, walla ko cikin kwana aka tashe ni ina iya hwaɗin shi. Shi na ji na ƙarshe da ƙahwahuna biyu daidai.” Ya faɗa, na rubuta da hannuna, na karanta masa, ya ce, “Voilà. Hakanan ne.”

Ga shi, ga duk wanda ya taɓa ganin bidiyon jar mota da hannayen wani Bahaushe a kan sitiyari. Bayan ya ce aljana ce, ya rage gudu, ya ce wa uban yaron:

“To amma Alhaji, ka ji tsakani da Allah. Kukan nan da ka ji, ba shi ne motar ba. Wannan turbo ta fi ƙarfin birkinta da tayoyinta, kuma ƙarfinta ba ya sallama kafin ya shigo. In ɗanka ne zai hau, kada ka ba shi ita a haka. A sa masa sufacaja, ko a rage wannan a gyara ƙafafunta. Ni da nake tuƙa ta ma ina jin tsoronta. Na faɗa maka, na fita haƙƙinka.”

Wannan ne mutumin. Ba sarkin turbo ba ne, ba kuma maƙiyinta ba. Bakanike ne da ya kasa ce wa ubangidansa a'a, amma bai yarda ya yi wa baƙon da bai taɓa gani ba ƙarya. Gareji ya manta da shi, an ba wani akwatin sifanunsa. Motocin da ya gyara sun tsufa ko sun mutu. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne 'ya'yansa da wannan magana, ita ma rabinta aka bari tana yawo. Yau na mayar mata da ɗaya rabin. Ba ta da kiɗa, ba ta da atishawa, na san ba za ta yi gudun bidiyon ba. Amma Ummi ta iya karatu tun tana ƙarama, ba kamar uwarta ba, kuma zan aika mata da jaridar nan ta haddace wannan ma.

Saura abu ɗaya. Sun sayar da muryarsa shekara takwas ba su taɓa faɗin sunansa ba. Ni ma, saboda kunya irin tamu, ban taɓa faɗinsa ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa. Iyayena mata su yafe mini, yau zan karya wannan, don kada a ce babu wanda ya faɗa.

Sunansa Haruna. Allah ya jiƙan Haruna, ya sa ya huta.